Zaɓen Kamfanin Shiga Usenet: Nazarin Lamarin Wani Injiniya

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa injiniyan lantarki ne, kuma aikinsa shi ne kula da tsofaffin na'urorin awo da na sarrafa injuna, irin waɗanda aka daɗe da daina yi musu kayan gyara, wasu ma kamfanonin da suka ƙera su sun riga sun shuɗe. Manhajojin da ke cikin na'urorin an rubuta yawancinsu da harshen C, kaɗan kuma da Fortran. Idan wata matsala ta kakare masa, wurin da ya fi samun amsa shi ne Usenet, wani tsohon tsarin tattaunawa ta intanet da aka kasa zuwa zauruka bisa batu, musamman zauruka huɗu: comp.lang.c, da comp.lang.fortran, da comp.arch.embedded, da sci.electronics.design. A can ne ake samun dattawan sana'ar da suka taɓa aiki da waɗannan na'urori tun suna sababbi.

Usenet ta girmi shafukan yanar gizo. Tom Truscott da Jim Ellis, ɗaliban Jami'ar Duke a Amurka, su ne suka ƙirƙiro tsarin a 1979, aka fara aiki da shi a 1980. Babu wata kwamfuta guda da ke riƙe da shi. Mutum yakan aika saƙonsa zuwa sabar (wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonni) da yake da asusu a cikinta, ita kuma ta miƙa wa sabobin da take musayar saƙonni da su, su ma su miƙa gaba, har saƙon ya zagaya duniya. Kowace sabar ita ke yanke wa kanta zaurukan da za ta ɗauka, da tsawon lokacin da za ta ajiye saƙo kafin ta share shi, da kuma irin tarkacen saƙonnin banza da za ta tace. Saboda haka mutum biyu da ke karanta zaure ɗaya ta sabobi daban-daban ba lallai ne su ga abu ɗaya ba, kuma wannan ne tushen duk abin da ya faru da injiniyan daga baya.

A da, kamfanonin da ke sayar da layin intanet sukan haɗa wa abokan cinikinsu da sabar Usenet ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan al'ada ta gushe a hankali. Kamfanin AOL ya daina a 2005, manyan kamfanonin intanet na Amurka da dama suka bi sahu a 2008 da 2009, ita kanta Jami'ar Duke ta kashe sabarta a 2010. Injiniyan bai ji raɗaɗin wannan sauyi ba, domin shi tun farko ta Google Groups yake shiga. Google ya sayi taskar Deja News, wani shafi mai adana saƙonnin Usenet, a 2001, ya haɗa tsofaffin saƙonni da suka koma har 1981, ya kuma ba mutane damar karantawa da aikawa kai tsaye daga burauza. Shekaru da yawa injiniyan bai taɓa saita manhajar karanta Usenet ba, bai kuma taɓa tambayar kansa ta wace sabar saƙonninsa ke fita ba.

Abu ɗaya ne Google bai taɓa ba shi ba, wato zaurukan fayiloli. Sau da yawa yakan ga wani ya rubuta a tsohuwar tattaunawa cewa ya saka hoton zanen da'irar wata na'ura a alt.binaries.schematics.electronic, amma ba shi da hanyar isa wurin. Sai dai ya aika wa mai saƙon imel, in Allah ya sa adireshin yana aiki har yanzu.

22 ga Fabrairu 2024: an rufe ƙofa

A Disamba 2023 Google ya sanar da cewa daga 22 ga Fabrairu 2024 ba za a ƙara iya aika saƙo zuwa Usenet ta Google Groups ba, kuma sababbin saƙonni ba za su ƙara bayyana a can ba, amma tsofaffin da ke cikin taskar za su ci gaba da karantuwa. Injiniyan ya ga sanarwar a saman shafin, ya bar ta sai an jima. Ranar da wa'adin ya cika tana tsakiyar wata tattaunawa da ya buɗe kan wani kuskuren ƙwaƙwalwa a manhajar wata na'urar awo, an ba shi amsa biyu, an nemi ya turo wani sashe na lambobin manhajar, sai ya tarar ba shi da wurin rubuta amsa. Tattaunawar ta ci gaba a sauran sabobin duniya, shi kuwa ba ya ganinta.

Makonni uku na farko: sabar kyauta

Matakinsa na farko shi ne ya yi rajista da ɗaya daga cikin sabobin da masu sa kai ke gudanarwa kyauta. Ya saita Thunderbird, wadda dama da ita yake karanta imel, ya saka sunan sabar da sunan asusu da kalmar sirri. Ƙa'idar da manhaja ke magana da sabar da ita ana kiranta NNTP, an fara rubuta ta a 1986 aka sabunta ta a 2006, kuma tana da ƙofofi biyu da aka saba: 119 ta buɗaɗɗen haɗi, da 563 ta haɗin da aka lulluɓe da TLS, wani tsarin ɓoye bayanai. Ya zaɓi 563, domin ta 119 kalmar sirri takan wuce a fili. Cikin awa ɗaya ya sake ganin tattaunawarsa, ya aika amsar da ake jira.

Sabar ta yi masa aiki a karatun yau da kullum, zaurukan huɗu duk suna nan kuma babu tarkace. Ya ci karo da iyaka biyu. Ta farko, ba ta ɗauke da zaurukan fayiloli ko kaɗan, wanda haka yawancin sabobin kyauta suke, domin fayiloli ne ke cinye kusan duk nauyin Usenet: abin da ake zubawa a cikinta kullum ya kai ɗaruruwan terabayit, rubutun tattaunawa kuwa ɗan mitsitsin kaso ne daga ciki. Ta biyu, a mako na uku sabar ta tsaya na tsawon yini guda da wani abu, kuma babu wanda zai tuhuma, tun da aikin sa kai ne. Wannan tsaiko ya zo daidai da lokacin da yake jiran amsa kan aikin da abokin ciniki ke matsa masa a kai. A ranar ya yanke shawarar biyan kuɗi, yana ganin tun da zai biya, gara ya samu har da zanukan da ya daɗe yana hange.

Wata na biyu: kamfani mai manyan alƙaluma

Ya duba shafukan da ke jera kamfanoni suna ba su maki, ya ga suna uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa a sama. Bai lura a lokacin ba cewa da yawa daga cikin irin waɗannan shafuka suna karɓar kamasho a kan duk wanda ya bi ta hanyarsu ya yi rajista. Ya zaɓi wanda alƙalumansa suka fi girma: ajiya ta fiye da kwana 5000, wato sama da shekara 13, saukewa ba iyaka, layukan haɗi 50 a lokaci guda, da zauruka fiye da 100,000. Ya biya kuɗin shekara guda a dunƙule saboda rangwamen da aka yi wa sababbin shiga, bai bi ta kwanakin gwajin da aka tanada ba.

Matsala ta farko ta bayyana a daren farko. Da ya buɗe sci.electronics.design manhajar ta tambaye shi kawunan saƙonni nawa za ta sauko, ya ce duka. Kawunan su ne jerin take da sunan marubuci da kwanan wata da manhaja ke fara karɓa kafin a buɗe saƙo. Abin da ya sauko ya haɗa da dubban tallace-tallacen caca da na magunguna da aka cika zaurukan rubutu da su a ƙarshen 2023, yawancinsu ta Google Groups aka shigo da su. A sabar kyauta bai ga ko ɗaya ba, domin masu gudanar da sabobin rubutu sukan yi amfani da matattara irin Cleanfeed, su kuma bi sanarwar NoCeM, wato jerin saƙonnin banza da amintattun masu sa ido ke fitarwa da sa hannunsu domin sabobi su ɓoye su. Wannan kamfani bai yi hakan ba a zaurukan da injiniyan ke karantawa. Ya shafe maraice biyu yana rubuta dokokin tacewa a manhajarsa.

Matsala ta biyu ƙarama ce amma ta ɓata masa lokaci. Lambar da sabar ke ba kowane saƙo a cikin zaure tata ce ita kaɗai, saƙon da yake na 400,000 a nan yana iya zama na 9,000,000 a can, kuma da waɗannan lambobi manhaja ke tuna abin da aka karanta. Da ya sauya sabar, komai ya dawo masa a matsayin sabo.

Matsala ta uku ita ce aikawa. Saƙonsa na farko ya dawo da lamba 440, wadda a ƙa'idar NNTP take nufin ba a yarda wannan asusu ya aika ba. Ya rubuta wa sashen taimako, bayan kwana biyu aka gaya masa cewa ana kulle aikawa ga sababbin asusu sai an nema, aka buɗe masa. Daga nan saƙonninsa zuwa zaurukan huɗu suka riƙa fita. Amma da ya aika tambaya zuwa comp.compilers, wanda zaure ne da wani mai tacewa ke duba saƙonninsa kafin su fita, shiru ya biyo baya. A irin wannan zaure sabar ba ta saka saƙo kai tsaye, aikinta shi ne ta tura shi ta imel zuwa ga mai tacewa, shi kuma ya sa masa alamar amincewa ya fitar da shi. Idan sabar ba ta sa wa zauren alamar cewa ana tace shi ba, sai ta karɓi saƙon ta nuna shi ga masu asusunta, sauran sabobi kuma su yi watsi da shi saboda ba ya ɗauke da alamar amincewa. Abin da ya faru ke nan: yana ganin saƙonsa a sabar kamfanin, amma da ya leƙa ta sabar kyauta babu shi.

Sai kuma batun da ya sa ya biya, wato zanuka. Daga cikin tsofaffin tattaunawa ya fitar da zanuka 10 da aka ce an saka su tsakanin 2009 da 2015, kusan duk cikin tsawon ajiyar da aka tallata. Ya samu 4. A sauran 6 sabar ta amsa da 430, wato babu wannan saƙo. Game da tattaunawar shekarun 1990 da yake komawa gare su a kai a kai, kwana 5000 ba su kai can ba, don haka taskar Google ta ci gaba da zama madogararsa a wannan ɓangare.

Layukan haɗi 50 ba su ƙara masa komai ba. Ya gwada sauke fayil ɗaya da layi 50, ya sake da layi 8, saurin bai bambanta ba, domin layin intanet ɗinsa ya riga ya cika tun a 8. Wata rana kuma ya bar manhajar gida a buɗe ya shiga daga wurin aiki, sabar ta ƙi shi, saboda sharuɗɗan asusun sun hana shiga daga adireshin intanet biyu a lokaci guda. Sharaɗin yana rubuce a shafin ƙa'idojin da ya danna amincewa bai karanta ba. A ƙarshen watan ya duba abin da ya sauke gaba ɗaya, bai kai gigabayit 2 ba.

Wata na uku: kamfani na biyu, rumbu ɗaya

Shawarar da ya fi gani ana bayarwa ita ce a riƙe kamfani na biyu domin cike gurbin abin da na farko ya rasa. Ya yi rajistar wata guda da wani kamfani mai suna daban, da tambari daban, da adireshin ofis a wata ƙasa daban. Ya nemi zanukan nan 6, duka suka dawo da 430. Ya buɗe sci.electronics.design, tarkacen da ya gani a can su ne a nan, ko ɗaya bai ragu ba. An gudu ba a tsira ba.

Wani tsohon mai gudanar da sabar da ke cikin zauren news.software.readers ne ya nuna masa inda zai duba. Kowane saƙon Usenet yana ɗauke da wani layi mai suna Path a cikin kansa, kuma duk sabar da saƙon ya ratsa takan rubuta sunanta a farkon layin, ta yadda sunan da ke can hagu shi ne na sabar da ake karantawa daga gare ta, na can dama kuma ya fi kusa da inda saƙon ya taso. Injiniyan ya buɗe saƙo ɗaya ta kamfanonin biyu, ya ga sunayen da ke hagu iri ɗaya ne. Ya bincika adireshin intanet na sabobin biyu, ya tarar suna cikin rukunin adireshi na kamfani guda.

Bayanin wannan yana cikin yadda kasuwar take. Ajiye ɗaruruwan terabayit kullum har shekaru fiye da goma yana buƙatar jari mai yawa, shi ya sa kamfanonin da ke da rumbun kansu 'yan kaɗan ne. Sunaye da dama da ake gani a kasuwa 'yan sari ne: suna sayen damar shiga daga mai rumbu su sayar da sunansu, ko kuma mai rumbun ne da kansa yake da sunayen ciniki da yawa. Abin da ya ɓace a rumbu ya ɓace wa duk masu sari daga gare shi.

Dalilan ɓacewa kuma sun kasu. Akwai saƙon da tun asali bai iso rumbun ba, domin musaya tsakanin sabobi ba ta cika ɗari bisa ɗari. Akwai wanda aka cire bisa ƙorafin masu haƙƙin mallaka: kamfanonin da ke ƙarƙashin dokar Amurka suna bin dokar DMCA ta 1998, da yawa daga na Turai kuma suna bin tsarin sanarwa da cirewa na ƙasar Holan, don haka abin da aka cire a nan ba lallai ne an cire shi a can a lokaci guda ba. Akwai kuma rumbunan da ba sa riƙe kowane tsohon saƙo, sukan zubar da waɗanda ba a nema su bar waɗanda ake nema, amma a talla sai a ambaci shekarun saƙo mafi tsufa da ya rage. Zanen da'irar wata na'urar awo da mutum biyar a duniya ke buƙata yana cikin irin abin da wannan tsari ke fara zubarwa. Lambar 430 ba ta faɗin wanne daga cikin ukun ne ya faru.

Ya soke kamfani na biyu kafin watan ya ƙare. A nan ne ya lura cewa asusun biyu duk suna sabunta kansu da kansu, kuma na shekarar zai sabunta ne a kan cikakken farashi, ba na rangwame ba. Ya kashe wannan saiti.

Wata na huɗu: jerin gwaji

A wannan karo ya fara da takarda kafin ya buɗe shafin kowane kamfani. Ya rubuta abin da yake yi da Usenet a mako na yau da kullum, ya ga kusan duka karatu ne da rubutu a zauruka biyar, zanuka kuwa sau ɗaya ko biyu a wata, tsofaffin tattaunawa kuma yana da inda yake samunsu. Daga nan ya haɗa jerin saƙonni 30 ta hanyar lambar shaidarsu. Wannan lamba, wadda ake kira Message-ID, ta bambanta da lambar cikin zaure, domin tana bin saƙo duk inda ya je ba ta canzawa, kuma ana iya neman saƙo da ita a kowace sabar. Ya ɗauki 10 daga tattaunawar watannin baya-bayan nan, 10 daga rubutun 2009 zuwa 2015, sai zanukan nan 10.

Ga kowane kamfanin da ya ba da kwanakin gwaji ko ƙaramin asusu mai araha, ya bi matakai iri ɗaya. Ya fara duba layin Path domin ya san rumbun, duk wanda ya fito daga rumbun da ya riga ya sani ya ajiye shi gefe. Ya nemi saƙonni 30 ɗin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta sakamako. Ya sauko da jerin zaurukan sabar ya duba harafin da ke gaban comp.compilers, domin a wannan jeri harafin y yana nufin ana iya aikawa, n ba a iya ba, m kuma zaure ne da ke da mai tacewa. Ya aika saƙon gwaji zuwa misc.test, zauren da aka ware domin haka, sannan ya koma sabar kyauta ya ga ko saƙon ya iso da kuma minti nawa ya ɗauka. Ya buɗe watan Disamba 2023 a sci.electronics.design ya ga yawan tarkacen da aka bari. A ƙarshe ya karanta shafin ƙa'idoji yana neman abu huɗu: ko an yarda da shiga daga wuri biyu, ko asusun yana sabunta kansa, wane bayani ake ajiyewa game da abin da mutum ya karanta da abin da ya aika, da kuma yadda ake sokewa. Ya kuma aika wa kowane sashen taimako tambaya guda game da zaurukan da ake tacewa. Wasu suka amsa da bayani, wasu suka turo masa umarnin saita manhajar sauke fayiloli, wanda ya nuna masa irin abokan cinikin da suka saba da su.

Ya gwada huɗu. Ɗaya ya faɗi tun a matakin farko. Biyu kamfanonin fayiloli ne masu rumbu daban da na farkonsa: na ɗaya ya kawo zanuka 8 daga 10, ciki har da 4 daga cikin 6 da suka ɓace, na biyu ya kawo 5 kacal domin ajiyarsa ba ta kai 2009 ba. Dukansu ba su tace tarkacen rubutu ba, kuma a ƙaramin asusunsu ba a yarda da aikawa ba. Na huɗu sabar rubutu ce zalla da ake biya a shekara. Ba ta da zane ko ɗaya, ta kawo duk saƙonnin baya-bayan nan 10, daga tsofaffin kuma 3 kawai, amma zaurukanta tsaf suke, harafin m yana inda ya kamata, saƙon gwaji ya isa ɗaya sabar cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ta yarda da shiga daga gida da wurin aiki.

Tsarin da ya tsaya a kai

Ya ɗauki sabar rubutun a matsayin ta yau da kullum, daga ita yake karantawa kuma ta ita yake aikawa. Tambayar da ta maƙale ya sake tura ta zuwa comp.compilers, ta fito washegari. Ya bar asusun sabar kyauta a saite, domin ranar da aka samu tsaiko, da kuma duba ko saƙonninsa suna fita.

Domin zanuka, ya sayi asusun awo daga kamfanin da ya kawo 8. A irin wannan asusu ba a biyan wata-wata, ana sayen adadin gigabayit ne a riƙa cirewa har ya ƙare, kuma ya tabbatar daga ƙa'idojin cewa nasa ba ya da wa'adin lalacewa, domin akwai masu shi. Ya sayi gigabayit 100. Ya saita wata manhaja dabam domin wannan aiki mai fahimtar yEnc, tsarin da aka fi mayar da fayil rubutu da shi tun 2001, mai kuma iya gyara da PAR2. Babban fayil a Usenet ana yanka shi ne gutsi-gutsi, kowane gutsure saƙo ne mai zaman kansa, idan 'yan kaɗan suka ɓace fayilolin PAR2 da mai sakawa ya haɗa da su suna iya sake gina abin da ya rasu. Ɗaya daga cikin zanukan da ya samu ta haka ya cika. Tsofaffin zanuka da yawa an saka su ba tare da PAR2 ba, su kam in gutsure ya ɓace shi ke nan.

Zanuka 2 ba su samu a ko'ina ba. Ya yi tambaya a sci.electronics.design, wani ya turo masa ɗaya daga cikin ajiyarsa, ɗayan kuma har yanzu babu shi. Asusun shekara na kamfanin farko ya ci gaba da zama a buɗe har wa'adinsa ya cika, bai nemi a mayar masa da kuɗi ba domin kwanakin da ake yarda da hakan sun wuce, bai kuma sabunta ba.

Hukunci

Kamfanin farko bai yi masa ƙarya ba. Kwana 5000, da layi 50, da saukewa ba iyaka, duk an ba shi, sai dai an gina su ne domin wanda ke sauke manyan fayiloli da yawa kullum, kuma ga irin wannan mutum waɗannan alƙaluma suna da ma'ana: yana buƙatar sabar da ke kusa da shi, da layuka da yawa domin cika faffaɗan layin intanet, da asusun wata-wata, domin na awo zai ƙare masa cikin kwanaki. Injiniyan ba wannan mutum ba ne. Abubuwan da aikinsa ya dogara da su, wato tace tarkace, da kula da jerin zauruka, da isar da saƙo ga mai tacewa, babu ɗayansu da ke fitowa a teburin kwatanta kamfanoni, saboda ba a auna su da lamba mai girma da za a iya tallatawa. A ganina kuskurensa mafi tsada shi ne biyan shekara guda ba tare da gwaji ba, wanda cinikin biri a sama ne, alhali an ba shi damar gwadawa kuma matsaloli uku daga cikin waɗanda ya fuskanta da sun bayyana a makon farko.

Sayen kamfani na biyu tunani ne mai kyau da aka aiwatar ba tare da sanin abu ɗaya ba, wato cewa suna daban ba ya nufin rumbu daban. Duba layin Path aikin minti biyu ne, kuma na fi ganin laifin kasuwar a nan fiye da nasa, domin kamfanoni ƙalilan ne ke bayyana a fili daga wane rumbu suke sari, mai saye kuma yana da haƙƙin sanin abin da yake biya wa kuɗi sau biyu.

Jerin saƙonni 30 ya yi aiki ne saboda daga buƙatarsa aka ciro shi. Kason cikar saƙonni da kamfani ke tallatawa matsakaici ne na rumbu baki ɗaya, wanda sababbin fayiloli masu farin jini suka rinjaye shi, don haka ba ya cewa komai game da zanen 2011 a zauren da mutane kaɗan ke leƙawa. Jerin yana da rauninsa: saƙonni 10 a kowane rukuni kaɗan ne, kuma rumbuna suna canza hannu ana kuma sauya tsarin ajiyarsu, ta yadda sakamakon bana zai iya bambanta da na baɗi. Shi ya sa injiniyan ya adana jerin, da niyyar sake bi ta kansa kafin kowane sabuntawa, kuma duk zanen da ya samu yanzu yana kwafe shi zuwa faifansa a ranar da ya same shi.